ASHE GANI YA KORI JI? TSOKACI A KAN HOTON ƘWAƘWALWA DA MAGANIN SANKARA

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Karin magana ce da muka tashi da ita, muna kafa hujja da ita a kasuwa da gaban alƙali da zauren hira, ba tare da mun tsaya mun tambayi kanmu ko akwai inda ba ta ci ba. A wannan ɗan rubutu muna son mu ɗauki wannan magana mu kai ta wani wuri da magabatanmu ba su san da shi ba, wato ɗakin da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai ciwon sankara. Dalili kuwa shi ne, tun daga shekarar 1971 likitoci suka sami ikon leƙa cikin ƙoƙon kan mutum yana raye ba tare da sun fasa shi ba, suna kuma ta faman haɗa magungunan da za su nufi cutar kai tsaye su ƙyale lafiyayyen nama. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan ido ya sami irin wannan ƙarfi, me ya rage wa kunne? Idan hoto ya faɗi wani abu, majinyaci kuma ya faɗi wani daban, wa ya kamata a saurara? Wannan tambaya ba ta likitoci kaɗai ba ce, domin kowane ɗayanmu na iya wayar gari ya ga kansa tsaye a bakin wancan ɗaki, yana jiran a fito masa da hoton ɗan'uwansa.

Duhun Ƙoƙon Kai

Duk cikin sassan jiki babu wanda aka killace kamar ƙwaƙwalwa. Ciki ana iya latsa shi, ƙirji ana iya kasa kunne a kansa, amma ƙwaƙwalwa tana cikin akwatin ƙashi, ba ta latsuwa, ba ta kuma yin ƙara. Saboda haka likitocin farko ba su da wata hanya sai ta sauraro da lura. A watan Nuwamba na 1884, a birnin Landan, wani likita mai suna Alexander Hughes Bennett ya saurari koken wani saurayi ɗan shekara 25 da ke fama da ciwon kai da karkarwa da mutuwar hannun hagu. Daga waɗannan alamomi kaɗai ya yanke cewa akwai ƙari, wato tsiron nama, a wani keɓantaccen wuri a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwar. Likitan fiɗa Rickman Godlee ya buɗe kan, ya kuwa tarar da ƙarin a inda aka ce. Saurayin ya rasu bayan kimanin wata guda sakamakon ƙwayoyin cutar da suka shiga raunin, amma abin lura a nan shi ne, ji ne ya yi wa gani jagora har ya kai shi wurin.

Daga nan aka shiga neman ido. A 1895 Wilhelm Rontgen na ƙasar Jamus ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, sai dai ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a irin wannan hoto. A 1918 Walter Dandy na Amurka ya ƙirƙiro dabarar ɗura iska a cikin kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa domin inuwarsu ta bayyana, dabarar da ke barin majinyaci da matsanancin ciwon kai da amai. A 1927 Egas Moniz na Fotugal ya fara zuba wani ruwa a jijiyar wuya domin hanyoyin jini su fito a hoto. Duk waɗannan inuwa suke nunawa, likita ya yi hasashen abin da ya jawo ta.

Ranar 1 ga Oktoba, 1971, aka sa wata mata cikin sabuwar na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, sai ga abin da ke cikin kanta ya fito a hoto. Wannan ita ce na'urar da ake kira sitisikan, wadda ta sa shi da Allan Cormack suka sami lambar yabo ta Nobel a 1979. Bayanta na'urar emarai ta shiga asibitoci a shekarun 1980, ita kuma da maganaɗisu take aiki, tana kuma bambanta laushin nama filla-filla. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami tasu lambar saboda ita a 2003. Duhun da ya daɗe a cikin ƙoƙon kai ya yaye ke nan.

Harsashi Mai Sanin Abokin Gaba

Gano wurin cuta daban, isa gare ta da magani daban. Masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, shi ne ya yi mafarkin maganin da zai zama kamar harsashi mai hankali, wanda zai bar kowa ya je ya sami abokin gaba shi kaɗai. Abin mamaki, shi ɗin ne dai ya lura a 1885 cewa idan aka yi wa dabba allurar rini a jini, sassan jikinta sukan rine amma ƙwaƙwalwa ta fito fes. Daga baya aka fahimci cewa akwai wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke tare guba, yake kuma tare yawancin magunguna ba tare da ya bambanta su ba. Mai gadin da aka ajiye don ɓarawo ya hana likita shiga.

Matsala ta biyu ita ce halin cutar kanta. Mafi muni daga cikin sankarar ƙwaƙwalwa ga manya ita ce wadda ake kira giliyobilastoma. Ba dunƙule take wuri guda kamar ƙwallon goriba ba, balle a ɓanɓare ta a huta. Ta fi kama da ciyawar kirikiri, wadda manomi kan nome samanta ƙasa ta yi kyau, alhali saiwoyinta sun riga sun yi nisa a ƙarƙashi, suna jiran ruwan farko.

Duk da haka an ci gaba. A 2005 Roger Stupp da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da majinyata 573, inda suka nuna cewa haɗa gashi da ƙwayar magani mai suna temozolomaid ya ɗaga tsakiyar tsawon rayuwa daga wata 12.1 zuwa wata 14.6. A 2006 Walter Stummer da jama'arsa a Jamus suka nuna amfanin wani ruwa mai suna 5-ALA, wanda majinyaci ke sha kafin tiyata, ya sa naman cutar ya riƙa ƙyalli ja-ja a ƙarƙashin shuɗin haske. Da shi aka iya kwashe duk ƙarin da hoto ke nunawa ga kashi 65 cikin ɗari na majinyata, maimakon kashi 36. A 2008 aka gano wata tangarɗa a ƙwayar gado mai suna IDH a wasu nau'o'in cutar, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake rarraba ire-iren ƙarin ƙwaƙwalwa a 2016 da 2021 bisa ƙwayoyin gado, ba bisa kamanni kaɗai ba. A watan Agusta na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin Voranigo, wanda ke ƙetare wancan shinge ya toshe aikin wannan tangarɗa. A gwajin da aka yi da mutum 331 masu nau'in da ke girma a hankali, ya tsawaita lokacin da ƙarin ke kwance daga wata 11.1 zuwa wata 27.7. Wannan shi ne mafi kusa da mafarkin Ehrlich a wannan fage, ko da yake bai shafi giliyobilastoma ba.

Ranar Da Hoto Ya Ruɗi Masu Kallonsa

A nan ne muke son mai karatu ya ɗan dakata tare da mu. Kafin a ɗauki hoton emarai, akan yi wa majinyaci allurar wani ruwa. Hanyoyin jinin da ke cikin ƙarin suna yoyo, don haka ruwan yakan tsiyaya ta nan, wurin ya fito fari tas a hoto. Wato abin da ido ke gani ba cutar ba ce ita kanta, yoyon jijiyoyinta ne.

A 2009 aka amince a Amurka da amfani da maganin Avastin ga giliyobilastomar da ta dawo bayan magani, hujjar kuwa ita ce yadda farin tabon ke raguwa a hoto. Likitoci da iyalai sun ga hotuna masu faranta rai. Sai a 2014 aka buga sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu a kan sababbin majinyata, dukkansu kuma suka nuna cewa maganin bai ƙara tsawon rai ba. Abin da yake yi shi ne toshe yoyon jijiyoyin, sai farin ya dushe, kumburi ya sauka, alhali saiwoyin kirikirin na iya ci gaba da tafiyarsu. Ba muna cewa maganin banza ba ne, domin saukar kumburi sauƙi ne na gaske ga wanda kansa ke sarawa. Hasali ma da aka auna jin daɗin rayuwar majinyatan, gwaji ɗaya ya ce maganin ya taimaka, ɗayan ya ce ya rage. Abin da muke cewa shi ne, hoton ya yi alkawarin da jiki bai cika ba.

Akwai kuma kishiyar wannan. A watannin farko bayan gashi da temozolomaid, hoton wasu majinyata yakan nuna kamar cutar ta ƙaru, alhali kuwa naman da magani ya ƙona ne yake kumburi, daga baya ya lafa da kansa. Wanda ya gaskata ido kaɗai zai dakatar da maganin da ke aiki, ya kuma jefa iyali cikin makokin da lokacinsa bai yi ba. Wannan ne ya sa ƙa'idojin da masana suka fitar a 2010 don auna tasirin magani ba su tsaya ga hoto ba, sai da suka haɗa da halin da majinyaci yake ciki da yawan maganin kumburin da yake sha. Ke nan likitocin da kansu sun dawo da kunne wurin da aka so a kore shi.

Mai Ɗaki Da Yoyonsa

Me ya sa wannan batu ya fi nauyi a ƙwaƙwalwa fiye da sauran gaɓoɓi? Domin idan aka yanke wa mutum ƙafa, shi ɗin ne dai zai farka, ƙafa ce kawai babu. Amma ƙwaƙwalwa ita ce mazaunin magana da tunani da kunya da sanin fuskar uwa. Likitan fiɗa da ya ƙara zurfin wuƙarsa da faɗin farce ɗaya zai iya ƙara wa mutum watanni, ya kuma raba shi da harshensa. Hoton da za a ɗauka bayan irin wannan tiyata zai yi kyau ƙwarai. To, nasara ce ko asara?

Babu na'urar da za ta amsa wannan, domin amsar ta danganta da abin da mutumin yake ɗauka rayuwa. Malamin makaranta zai iya zaɓar gajeren lokaci da bakinsa a buɗe. Uwar da ke son ganin auren 'yarta za ta iya yarda ta rasa motsin hannu in dai za ta kai ranar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin sha'awa shi ne, fasahar tiyatar da kanta ta yarda da haka. Ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin yanka, shi ya sa tun shekarun 1930 Wilder Penfield a birnin Mantiriyal na Kanada yake yi wa mutane aiki suna farke, yana taɓa wurare da 'yar wutar lantarki yana tambayarsu abin da suka ji. Ana bin wannan hanya wajen cire ƙarin da ke kusa da mazaunin magana: a sa majinyaci ya yi ta ƙirga ko faɗin sunayen abubuwa, inda harshensa ya sarƙe, nan wuƙa za ta tsaya. A watan Janairu na 2020, a asibitin King's College da ke Landan, an tashi wata mata a tsakiyar tiyata aka miƙa mata gogen Turawa ta yi ta kaɗawa, domin likitoci su tabbata ba su taɓa wurin da ke sarrafa yatsun hannunta na hagu ba. A ɗakin da ya fi kowane cika da na'urori, muryar majinyaci da kiɗansa su ne iyaka.

Gaskiya Da Kara

Saurare yana da ɗan'uwa, shi ne faɗin gaskiya. Mu mutane ne masu kara, kuma sau da yawa idan hoto ya fito da mummunan labari, akan ja babban wa ko miji gefe a gaya masa, shi kuwa mai ciwon a ce masa ya kwantar da hankalinsa, sauƙi na nan tafe. Ba ma zargin masu yin haka da mugunta, domin tausayi ne ke sa su. Amma wannan cuta tana da wata siffa da ke mai da jinkiri zalunci: tana iya cin hankali da magana kafin ta ci rai. Wanda aka ɓoye wa labari wata uku, wataƙila an ƙwace masa watannin da suka rage masa na yin wasiyya, da biyan bashi, da neman gafarar wanda ya ɓata wa, da zaɓar inda yake son ya ƙarasa kwanakinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai dai gaskiyar ma tana da ladabi. Wancan adadi na wata 14.6 ba wa'adi ba ne da aka yanka wa kowa. Ma'anarsa ita ce rabin majinyatan ba su kai haka ba, rabi kuma sun wuce. Da aka bi sawun mutanen gwajin Stupp, an tarar kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka sami magungunan biyu suna raye bayan shekara biyar. Likitan da ya jefa wa mutum adadi ya juya baya bai faɗi gaskiya duka ba, kamar yadda wanda ya ɓoye bai faɗa ba. Kuma akwai majinyacin da ba ya son a gaya masa komai, ya fi son ɗansa ya ɗauki nauyin. Shi ma haƙƙinsa ne. Amma ta yaya za a san wanne ne a gabanmu in ba a tambaye shi ba?

Kada A Yi Wa Ido Butulci

Wani zai iya cewa mun tsaya muna kushe alherin da mutane da yawa ke nema ba su samu ba. Wannan suka tana da ƙarfi, ba za mu kauce mata ba. A garuruwanmu, mutumin da halinsa ya sauya haka kawai, ya fara faɗuwa yana shure-shure, ko yana maganar da ba ta da kan gado, akan ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu, har a ɗora laifin a kan kishiya ko maƙwabci. Hoto guda ɗaya na iya wanke shi daga sunan hauka, ya wanke wanda aka zarga, ya kuma ceci zumunci. Daɗin daɗawa, ba kowane ƙari ne sankara ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ana cire su mutum ya koma gonarsa. A irin wannan hali, rashin gani shi ne kisa.

Amma sukar tana kai mu ga wata tambayar, ta adalci. Tiyatar ƙwaƙwalwa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin tun 1962 Farfesa Latunde Odeku, wanda likita ne kuma marubucin waƙoƙi, ya kafa sashenta a asibitin koyarwa na Ibadan. Sai dai na'urorin hoto da na gashi sun taru a manyan birane, kuɗin kuwa galibi daga aljihun iyali yake fita. Sai ka ga an sayar da shanu an ɗauki hoto, an sayar da gona an sake wani, kowane hoto yana nuna abin da babu halin magance shi. A nan wajibi ne likita ya tambayi kansa kafin ya rubuta takarda: shin abin da hoton zai nuna zai sauya abin da za mu yi? Idan ba zai sauya ba, to gonar marayun gobe ake sayarwa don a kalli cuta. Ya kamata kuma iyali su san cewa ba talaucinsu kaɗai ne ya kayar da su ba. Giliyobilastoma ta kashe Sanata Edward Kennedy na Amurka a 2009, ta kashe Sanata John McCain a 2018, kowannensu cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi da gano ta, alhali babu asibitin da ya fi ƙarfinsu. Faɗa wa iyali wannan yana sauke musu nauyin zargin kai, ya kuma ba su damar mai da abin da ya rage wajen rage wa majinyaci zafi da zama kusa da shi.

Ko a ƙasashen da ke da hali, sai da murya ta tashi kafin ido ya isa ga kowa. A watan Janairu na 2018 Tessa Jowell, tsohuwar minista a Birtaniya, ta tsaya a majalisar dattawan ƙasar tana ɗauke da wannan cuta, ta yi kira da a buɗe wa majinyata ƙofar sababbin gwaje-gwaje. Ta rasu a watan Mayu na wannan shekara, gwamnati kuma ta ba da sanarwar wadata cibiyoyin tiyatar ƙwaƙwalwa na Ingila da ruwan nan mai sa cuta ƙyalli. Shekara goma sha biyu ke nan bayan an tabbatar da amfaninsa.

Kammalawa

Mun faro daga likitan da ya gano mazaunin ƙari ta hanyar sauraro, muka bi ta kan na'urorin da suka yaye duhun ƙoƙon kai da magungunan da ke neman cuta da sunanta, muka ga inda hoto ya yi kyau rai bai tsawaita ba, da inda ya yi muni alhali magani na aiki. Abin da muka fahimta shi ne, karin maganar magabata gaskiya ce a inda aka yi ta, wato inda ake gardama a kan abin da ya faru. Jin da gani ke kora shi ne jita-jita, kuma muna murna da ya kori zancen iska da sammu daga kan marar lafiya. Amma akwai wani jin, wato kasa kunne ga mai ciwo, wanda duk ƙaruwar ƙarfin ido sai buƙatarsa ta ƙaru, domin zaɓuɓɓukan da hoto ke buɗewa ba hoto ne zai zaɓa ba.

Muna fatan masu bincike su ci gaba da wasa harsashinsu har ya sami giliyobilastoma, muna kuma fatan na'urorin su iso garuruwan da ba su kai ba. Kafin wannan rana da bayanta, roƙonmu ga likita da ɗan'uwa mai jinya ɗaya ne: idan an gama duba hoton a jikin allo, a ja kujera kusa da gado, a tambayi mai kan abin da yake ji, da abin da yake tsoro, da abin da ba ya son a raba shi da shi.